Kawunan mata na tagulla: tambayoyi da amsoshi kan waɗanda aka siffanta da waɗanda suka yi zubin

Wane irin abu ake nufi da "kan tagulla"?

Mutum-mutumi ne da ya tsaya a kai da wuya da kafaɗu, wani lokaci ya gangaro zuwa ƙirji. Ba hannu, ba ƙafa. Akan ɗora shi a kan gindin dutse ko na katako. 'Yan gwanjon kayan tarihi ba sa kiran abu tsoho sai ya kai shekara 100, don haka kan da aka zuba a 1970 bai shiga wannan sahu ba tukuna, komai kyansa.

Iri biyu ne mai karatu zai fi cin karo da su. Akwai na Turai, galibi na Faransa, waɗanda aka yi ta zubawa daga wajen 1830 zuwa 1914. Akwai kuma na Ile-Ife da masarautar Benin, waɗanda suka girme su da ɗaruruwan shekaru.

Duk abin da aka ce tagulla ne, tagulla ne?

A'a. Tagulla ta gaskiya jan ƙarfe ne da aka haɗa da kuza. Idan tutiya aka haɗa da jan ƙarfen maimakon kuza, wani ƙarfe ne dabam mai ɗan ruwan ɗorawa, kuma yawancin kayan Benin da duniya ke kira tagulla wannan ne. Wasu kawunan Ife ma kusan jan ƙarfe ne zalla, wanda zubinsa ya fi wuya domin ba ya malala a cikin mazubi yadda gauraye ke yi.

Sai na uku, wanda ya fi yaudarar mai saye: tutiya da aka zuba aka shafa mata launin tagulla. Masana'antun Faransa da Jamus sun yi irinsu da yawa a ƙarshen ƙarni na 19 saboda masu ƙaramin ƙarfi. Tsofaffi ne da gaske, ba jabu ba ne, sai dai ƙarfen mai arha ne, kuma idan ya faɗi fashewa yake yi, ba lotsawa ba.

Yaya ake zuba kai da ƙarfe?

Tsohuwar hanya ita ce ta kakin zuma. Za a mulmula yumɓu a yi ƙwaryar kan, a lulluɓe shi da kaki, sannan a zana komai a jikin kakin: ido, kitso, tsagar fuska, duwatsun wuya. Daga nan a sake rufe shi da yumɓu mai laushi, a bi da mai kauri, a bar ƙofofi. Idan aka gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, gurbinsa ya rage. Cikin wannan gurbi ake tsiyaya narkakken ƙarfe. Bayan ya huce sai a fasa yumɓun. Da yake dole a fasa mazubin kafin a ga abin da ya fito, kowane kai da aka yi ta wannan hanya a Benin ko Ife guda ɗaya ne tak a duniya.

Masana'antun Faris na ƙarni na 19 sun fi amfani da yashi. Suna danna samfurin a cikin yashi na musamman mai riƙe siffa, su zuba gunduwa-gunduwa, su haɗa, su goge gaɓoɓin. Samfurin ba ya lalacewa, don haka ana iya maimaita shi sau ɗari. Bayan zubi akwai mai gyaran fuska da kurfi da guduma, akwai kuma mai ba da launi, wanda ke shafa ruwan magani yana gasawa har ƙarfen ya koma ruwan ƙasa, ko baƙi, ko kore. Launin da ake gani a jikin tsohon kai, sau da yawa hannun mutum ne ya sa shi tun ranar farko, ba shekaru ba.

Sunan da ke rubuce a kafaɗa ko bayan kan, shi ne na wanda ya yi shi?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Sunan na wanda ya mulmula siffar da yumɓu ne. Bai zama lallai ya taɓa ƙarfen ba, kuma mai yiwuwa ya daɗe a kabari kafin a zuba wanda ke hannunka. Auguste Rodin (1840 zuwa 1917) bai zuba tagullarsa da kansa ba. Masana'antu ke yi masa, kuma daga 1902 gidan Rudier ne ya fi yi masa aiki. Kafin ya rasu ya bar wa gwamnatin Faransa ayyukansa tare da izinin ci gaba da zuba su, shi ya sa ake samun aikin Rodin na halal wanda aka zuba shekaru da dama bayan 1917.

Kai, ko yumɓun ma ba kullum mai sunan ke taɓawa ba. Rodin ɗin da kansa, tun yana saurayi daga 1864, ya yi shekaru yana aiki a ƙarƙashin Albert-Ernest Carrier-Belleuse, wanda ya shahara da kawunan 'yan mata masu furanni a gashi. Abin da yaron gida ya mulmula, da sunan maigida yake fita kasuwa. Haka sana'ar take a lokacin, kuma ba wanda ya ɗauke shi ha'inci.

Saboda haka mai hankali yakan nemi alama ta biyu, wato hatimin gidan zubi: Barbedienne, Susse, Thiébaut, Siot-Decauville, Hébrard, Valsuani. Wannan hatimi ya fi sa hannun mai fasaha faɗin gaskiya game da lokacin da aka yi zubin.

Me ya sa irin waɗannan kawuna suka yi yawa haka a Faransa?

Inji ne ya jawo. A 1836 wani injiniya mai suna Achille Collas ya ƙera na'urar da ke bin jikin babban mutum-mutumi tana fitar da ƙaraminsa daidai wa daida. A 1838 ya haɗa jari da Ferdinand Barbedienne, suka soma sayar da ƙananan kwafi. Abin da a dā sai fadar sarki ko gidan basarake, yanzu lauya da likita da mai kanti suna iya saye su ɗora a falo. Masu fasaha suka riƙa sayar wa masana'antu izinin kwafar aikinsu, a fitar da shi girma uku ko huɗu, kowa da aljihunsa.

Emmanuel Villanis (1858 zuwa 1914) shi ne misalin wannan kasuwa. An haife shi a Lille, ya yi karatu a Turin ta Italiya, ya zauna a Faris yana fitar da kawunan mata masu lumsassun idanu, da sunan wata jarumar tatsuniya ko tarihi a rubuce a gindin, irin su Sapho da Judith da Dalila. Hannunsa na da kyau, babu musu. Amma duk wanda ya jera goma daga cikinsu zai ga kusan mace ɗaya ce ake sauya wa ɗankwali da suna.

Wani abin lura: ƙananan nan na cikin gida sun tsira, manyan na kan titi kuwa da yawa sun tafi. A watan Oktoba na 1941 gwamnatin Vichy, wadda ke mulkin Faransa a ƙarƙashin ikon Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta yi dokar narkar da gumakan tagulla na bainar jama'a saboda ƙarfen yaƙi. Dama can haka tagulla take tun zamanin Rumawa. Duk lokacin da aka buƙaci makami ko kuɗi, ita ake fara jefawa a wuta.

Su wane ne matan da aka siffanta? An san su?

Wasu an san su. Matan sarakuna da na attajirai sun biya an yi musu, sunansu na nan. Kan da Rodin ya yi wajen 1870 mai suna Mignon, fuskar Rose Beuret ce, mai ɗinki wadda ta zauna da shi fiye da shekara 50, bai aure ta ba sai a watan Janairun 1917, ta rasu bayan mako biyu.

Mafi yawansu kuwa 'yan ƙodago ne da ake biya su zauna a kalle su, kuma ba a damu da rubuta sunansu ba. Wannan ya fi fitowa fili a kawunan matan Afirka. Charles Cordier (1827 zuwa 1905) ya nuna kan wani mutumin Darfur a baje kolin Faris na 1848, shekarar da Faransa ta haramta bauta a ƙasashen da take mulka. Shi namijin an rubuta masa suna, Sa'id Abdallah. A 1851 ya yi masa abokiyar zama, kan wata mace mai tukkun gashi da 'yan kunne, aka kira ta Venus ta Afirka. Sarauniya Victoria ta sayi tagullar biyun. Sunan matar bai zo tare da kanta ba. Cordier ya ce kyan kowace al'umma yake son nunawa, kuma aikin da gaske yana da kwarjini, sai dai gidan nazarin halittu na Faris ya ɗauke shi aiki don ya cika zauren da ake jera "nau'o'in" bil'adama. A can matar ba mutum ba ce, samfuri ce.

Jean-Baptiste Carpeaux (1827 zuwa 1875) ya yi wanda ya fi wannan suna a 1868: mace baƙa, igiya ta ɗaure mata ƙirji da hannuwa, ta waiwayo da fushi, an rubuta a ƙasa, "Me ya sa za a haifi mutum bawa?" Asalinsa gwaji ne na wani babban aikin maɓuɓɓugar ruwa da aka kammala a Faris a 1874. Carpeaux ya ga abin zai karɓu, ya riƙa fitar da shi da tagulla da gasasshen yumɓu da marmara yana sayarwa. Ana yabonsa da ƙyamar bauta, amma shekara 20 ke nan da haramta ta a ƙasarsa lokacin da ya yi aikin, kuma ƙirjin matar a buɗe yake don mai kallo. A ganina duka biyun gaskiya ne, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai kalli kan da kyau ba. Gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya shirya baje koli guda a 2022 a kan wannan tambaya.

Akwai mata a cikin masu wannan fasaha?

Akwai, duk da an toshe musu hanya. Babbar makarantar fasaha ta Faris ba ta karɓi mata ba sai 1897. Adèle d'Affry, 'yar Fribourg ta ƙasar Suwizalan (1836 zuwa 1879), da sunan namiji ta riƙa sa hannu, Marcello, kuma da shi ta nuna kan Bianca Capello, wata basarakiyar Italiya ta ƙarni na 16, a 1863. Hélène Bertaux, wadda ta kafa ƙungiyar mata masu zane da sassaƙa a 1881, da sunan mijinta take sa hannu.

Wadda ta fi su suna a yau ita ce Camille Claudel (1864 zuwa 1943). Ta shiga wurin aikin Rodin wajen 1884, ta zama ɗalibarsa, mai taimaka masa, masoyiyarsa, kuma fuskar da ya yi ta siffantawa. Ita ma ta yi kansa da tagulla. Cikin kawunan da ta yi akwai na wata ƙaramar yarinya da ta gani a wani gidan gona na alfarma mai suna Islette a shekarun 1890, ta ɗaga ido sama, kitso ya zubo mata a baya. Ta maimaita shi sau da dama tana sauya gashin. Eugène Blot ne ya riƙa zuba mata tagulla a farkon ƙarni na 20. A 1913 danginta suka kai ta gidan masu taɓin hankali, ta shekara 30 a tsare har ta rasu, ba ta sake taɓa yumɓu ba. Sai a 2017 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a Nogent-sur-Seine.

To, kan Sarauniya Idia fa da ake yawan gani a hotuna?

Idia mahaifiyar Oba Esigie ce, wanda ya hau gadon Benin wajen 1504. Tarihin baka na Edo ya ce ita ta tsaya masa da shawara da asiri da mayaƙa, a rikicinsa da ɗan'uwansa Arhuaran na Udo, da kuma yaƙin da aka yi da Igala na Idah wajen 1515. Ya saka mata da sabuwar sarauta, Iyoba, wato uwar sarki, da fada tata ta kanta a Uselu. Bayan rasuwar Iyoba akan zuba kanta a ɗora a wurin tunawa da ita.

Kawunan farkon ƙarni na 16 da ake dangantawa da Idia, irin wanda ke Landan da wanda ke Berlin, su ne mafi kyau. Ƙarfen siriri ne ƙwarai, fuskar a natse, gashin an tara shi sama ya lanƙwaso gaba, ragar murjani ta lulluɓe shi, ga tsaga huɗu a saman kowane ido. Na ƙarni na 18 da 19 sun fi kauri da nauyi, murjanin wuya ya hau har leɓe. Dalili ɗaya shi ne ƙarfe ya wadata: Turawan Fotugal da waɗanda suka biyo bayansu sun riƙa kawo mundayen ƙarfe a matsayin kuɗin ciniki, ciki har da cinikin bayi, ana narkar da su. Wani bincike da aka wallafa a 2023 ya gano cewa yawancin ƙarfen daga yankin kogin Rhine na Jamus ya fito.

Kada a haɗa waɗannan da fuskar da aka yi tambarin bikin FESTAC na 1977. Ita ma Idia ce, amma da hauren giwa aka sassaƙa ta.

Wa ya zuba kan Idia?

Ƙungiyar maƙeran fada, Igun Eronmwon, wadda ake gado daga uba zuwa ɗa, kuma a dā ba ta yi wa kowa zubi sai da izinin Oba. Tarihin baka ya ambaci Iguegha a matsayin gwanin da ya zo daga Ife ya koyar da sana'ar a zamanin Oba Oguola, amma ba a sa hannu a kan aiki, domin aikin na sarki ne. A Faris sunan mai fasaha ya tsira, na matar ya ɓata. A Benin sunan matar ne ya kai shekara 500, na maƙerin ya narke cikin ƙungiya.

Zuriyarsu na nan suna zubi a titin Igun da ke birnin Benin. Sana'ar ta maza ce, har sai da Gimbiya Elizabeth Olowu, 'yar Oba Akenzua na Biyu, ta shige ta. Ita ake ɗauka mace ta farko mai zubin tagulla a Najeriya.

Na Ife kuma?

Sun girmi na Benin, tsakanin ƙarni na 12 da na 15 ake sa su. Mafi yawan na ƙarfe an tono su ne a 1938 a gidan Wunmonije, ana haƙa harsashin gini. Galibi sarakuna maza ne. Fuskokin mata sun fi yawa a cikin na gasasshen yumɓu. A 1957 an samu sarki da matarsa na ƙarfe, sun sarƙe hannu, a Ita Yemoo. Bajamushe Leo Frobenius, da ya ga irin wannan aiki a 1910, ya kasa yarda cewa baƙar fata ne suka yi, har ya ce ragowar wata ɓatacciyar daular Girkawa ce. Binciken da ya biyo baya ya rushe wannan magana.

Yaya suka bar ƙasa, kuma ana dawo da su?

A watan Fabrairun 1897 sojojin Ingila suka ci birnin Benin, suka kwashe dubban kaya daga fada, aka kai Oba Ovonramwen Kalaba inda ya rasu a 1914. An yi gwanjon kayan a Turai, suka watsu.

Dawowa ta soma da kaɗan-kaɗan. A 2021 wata kwaleji ta Jami'ar Cambridge ta miƙa zakaran tagulla, irin wanda ake ajiyewa a wurin tunawa da Iyoba, Jami'ar Aberdeen kuma ta mayar da kan wani Oba. A watan Yulin 2022 Jamus ta sa hannu kan miƙa mallakar kaya fiye da 1,100, wasu suka dawo, wasu suka zauna can a matsayin aro. Holan ta mayar da 119 a 2025. Babban gidan tarihi na Birtaniya kuwa yana kafa hujja da dokar 1963 wadda ta hana shi rabuwa da abin da ke ajiye a wurinsa.

Ta yaya zan gane na asali daga na jabu?

Fara da ƙarfen. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafe. A ƙasan gindi, inda ba a gani, ɗan ƙarce kaɗan zai nuna launi: ruwan zinariya ko ja-ja tagulla ce, fari-fari mai ruwan toka tutiya ce.

Sai aikin. Masu jabu sukan ɗauki mazubi daga jikin wata tagulla, ba daga samfurin asali ba. Da yake ƙarfe na tsukewa idan ya huce, kwafin yakan fito ƙarami kaɗan, gashin ya dusashe, gefen ido da leɓe su rasa kaifi, sa hannun ya yi kamar ya narke. Launin da aka shafa jiya iri ɗaya ne ko'ina, na shekara 100 kuwa ya goge a hanci da kumatu inda hannu ke taɓawa. Duba kusoshin da suka riƙe gindin. Sababbi fil a jikin abin da aka ce na 1890 ne abin tambaya ne.

Lamba irin 3/8, wato zubi na uku cikin takwas, ba shaidar tsufa ba ce. Ƙa'idar Faransa ta taƙaita zubi na asali zuwa 8 da ƙarin 4 na mai fasaha ta zo ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Na ƙarni na 19 yawanci ba su da lamba ko kaɗan. Hatimi ma ana ƙirƙirarsa: a 1997 kotun Faransa ta ɗaure wani dillali, Guy Hain, kan jabun tagulla masu ɗimbin yawa, har da na Rodin da aka buga wa hatimin Alexis Rudier. Idan kuɗin da yawa ne, a nemi takardun tarihin mallaka da ƙwararre.

Game da kayan Benin, maganar gajera ce. Abin da ake tallatawa a kasuwa ko bakin otal da sunan "na fada" sabon zubi ne da aka tsufar. Sayen sabon aikin titin Igun a matsayin sabo ba laifi, taimakon sana'a ne ma.

Me ke sa wani ya fi wani tsada?

Sunan mai fasaha, ko an zuba yana raye, gidan da ya zuba, yawan kwafin da ke akwai, da lafiyar launin. Kan Villanis na tutiya da kan Claudel na gidan Blot ba a kasuwa ɗaya suke ba.

Musulmi zai iya ajiye irin wannan a gida?

Mafi yawan malamai sun hana ƙera siffar mai rai wadda ke da jiki da inuwa, da kuma ajiye ta don ado, kuma hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da siffofi sananne ne. An yi saɓani a kan siffar da ba ta cika ba, da kuma adanawa a gidan tarihi don ilimi. Wannan fatawa ce, wurin malami ake nemanta.

Idan na gaji ɗaya ko na tsinta, me zan yi?

Kada ka goge shi da toka ko lemun tsami ko man goge ƙarfe don ya yi ƙyalli. Launin saman nan rabin darajarsa ne, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Busasshen ƙyalle mai laushi ya isa, a ajiye shi nesa da danshi. Idan ka ga kore mai haske yana fitowa kamar gari yana cin ƙarfen, ciwo ne da gishiri da laima ke jawowa, sai mai gyaran kayan tarihi.

Idan kuwa daga ƙasa aka tono shi a Najeriya, doka ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta hana sayar da shi ga wanda ba shi da izini, ta kuma hana fitar da shi waje ba tare da takardar hukumar ba. A bar shi yadda yake, a ɗauki hoton wurin, a sanar da gidan tarihi mafi kusa, ko na Jos, ko Kaduna, ko Gidan Makama a Kano.